Tsohuwar Wayar Tarho Ta Fi Hukumominmu Riƙon Amana

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata magana da manyan jami'an ƙasar nan suke son maimaitawa duk lokacin da aka taru ana jawabi a kan sha'anin sadarwa, wai Nijeriya ta yi dabara, ta tsallake zamanin wayar tarho ta ƙasa, ta dira kai tsaye a zamanin wayar hannu. Ana faɗin haka cikin fara'a, jama'a na tafi, sai ka ce an kā da wani a dandalin kokawa. Mu 'ya'yan ƙasar Yawuri, watau Yawuri da Ngaski da Shanga da garuruwan bakin tafkin Kayinji, ba mu karɓi wannan kirari ba. Mutumin da ya ƙi yaɓe rumbunsa har ya rushe, sa'an nan ya koma awo a kasuwa, ba shi da bakin cewa ya tsallake zamanin noma. Sakaci ya yi, kuma iyalinsa ne za su biya.

Ga abin da ya faru, domin kada a ce ƙage muke yi. A shekarar 1985 aka haɗa sashen tarho na tsohuwar ma'aikatar gidan waya da kamfanin sadarwar ƙasashen waje, aka kafa NITEL. Bayan shekara goma sha biyar, layukan da suke aiki a ƙasar nan duka ba su wuce wajen 400,000 ba, alhali kuwa jama'armu ta haura miliyan ɗari, kuma galibin layukan suna Ikko da Abuja da manyan birane. Har yau ana tuna maganar nan da ake jinginawa ga wani ministan sadarwa na zamanin Babangida, cewa tarho ba na talaka ba ne. Ko ya faɗa da bakinsa ko bai faɗa ba, aikin gwamnatocin lokacin ya faɗa. Da aka ba da lasisin wayar hannu a 2001, sai aka juya wa NITEL baya gaba ɗaya. Aka danƙa shi ga Pentascope a 2003, aka sayar wa Transcorp a 2006, gwamnati ta karɓe a 2009, daga bisani aka miƙa ragowarsa ga NATCOM a 2015 kan dala miliyan 252. Cikin waɗannan shekaru na tura-ni-in-tura-ka, ofisoshin haɗa waya suka zama kufai, ɓarayi suka tone wayoyin jan ƙarfe suka kai wa 'yan gwangwan, ma'aikatan da suka ƙware wajen gyaran layi suka watse, da yawansu suna bin haƙƙin fanshonsu shekara da shekaru.

To, a daidai wannan lokacin da muke barin namu yana ruɓewa, me sauran duniya take yi da nata?

YADDA AKA SA TSOHUWAR WAYA TA ɗAUKI SABON KAYA

Layin tarho silin jan ƙarfe ne guda biyu da aka murɗe su da juna kamar tufkar igiya, dabarar da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista tun 1881. Amfanin murɗewar shi ne duk wata hayaniyar lantarki da ta faɗo daga waje takan taɓa silin biyu daidai wa daida, don haka na'urar da take auna bambancin da ke tsakaninsu ba ta jin ta sosai. Muryar ɗan Adam a tarho tana amfani da kaɗawar lantarki daga sau 300 zuwa sau 3,400 a daƙiƙa ɗaya kawai. Amma wayar kanta tana iya ɗaukar kaɗawa fiye da sau miliyan a daƙiƙa. Watau kusan shekara ɗari ana bin gefen babban burtali da jaki ɗaya, an bar sauran filin babu mai taka shi.

Injiniyoyi suka lura da wannan fili. Wani malamin Jami'ar Stanford ta Amurka, John Cioffi, shi da ɗalibansa suka fito da dabarar yanka filin zuwa ƙananan hanyoyi, aka zaɓe ta a Amurka a 1993, Hukumar Sadarwa ta Duniya kuma ta amince da ita a 1999 da sunan ADSL. A tsarin farko akwai hanyoyi 256, kowace faɗinta kaɗawa 4,312.5 a daƙiƙa. An bar na can ƙasa wa murya, an ware kaɗan wa saƙon da yake fita daga gida, mafi yawa kuma wa saƙon da yake shigowa, domin mai karatu ya fi ɗebo bayani bisa ga yadda yake aikawa. Da wannan aka samu gudun da ya kai megabit 8 a daƙiƙa, a 2003 aka faɗaɗa filin ninki biyu gudun ya kai megabit 24, duk a kan wayar da kakannin mutane suka yi gaisuwa da ita. Afirka ta Kudu ta fara sayar wa jama'arta wannan a 2002, Sanagal ta biyo baya a 2003. Ba a haƙa sabon rami zuwa kowane gida ba. An sa na'ura ɗaya a ofishin haɗa waya, ɗaya a gidan mai layi, da 'yar matata da take raba murya da bayani, shi ke nan.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu, wanda kuma ya sa muka ɗauki alƙalami, shi ne yadda wannan na'ura take bi da lahani. Waɗanda suka ƙera ta ba su yaudari kansu cewa layi lafiyayye ne ba. Sun san ruwa yana shiga mahaɗa, jan ƙarfe yana tsatsa, tashoshin rediyo masu matsakaicin zango suna kutsowa, layin maƙwabci yana raɗa a cikin naka, walƙiya da injin niƙa suna jefo tartsatsi, sun kuma san cewa gwargwadon nisan waya gwargwadon raunin saƙo, musamman a hanyoyin da suke can sama. Saboda haka suka gina ta a kan ɗabi'u huɗu.

Ta farko, awo kafin lodi. Da zarar an kunna ta, na'urar gida da ta ofis sukan yi 'yan daƙiƙoƙi suna gwada hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, suna auna ƙarfin saƙo da ƙarfin hayaniya, kamar yadda Basarke yakan zura gora ya ji zurfin ruwa kafin ya tura jirgi. Hanyar da take garau a ɗora mata ɗigon bayani har 15 a kowane bugu, ana kuwa bugu 4,000 a daƙiƙa. Mai ɗan dama-dama a ba ta biyu ko uku. Wadda rediyo ya cinye a bar ta fanko. In hayaniya ta sauya wuri ana cikin aiki, sai a kwashe kaya daga wannan hanya a mayar wancan ba tare da an yanke layi ba.

Ta biyu, barin rara. Ba a cika hanya maƙil. Bisa al'ada akan bar tazarar da take daidai da ninki huɗu na ƙarfin da ake bukata, saboda hadarin da bai taso ba tukuna. Duk wanda ya tashi a bakin Kwara ya san ma'anar tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa, ya kuma san abin da yakan biyo bayan cinye ta saboda kwaɗayin kuɗin fito.

Ta uku, gyara tun kafin mai layi ya ji. Ana haɗa kowane ƙunshin bayani da wasu lambobin shaida, bisa lissafin da Irving Reed da Gustave Solomon suka wallafa a 1960. A sauƙaƙe, in ka aika 3 da 5 da 9, ka ƙara da cewa jimlarsu 17 ce, ko lamba ɗaya ta goge a hanya mai karɓa zai iya fito da ita. A ainihin tsarin, lambobin shaida 16 suna gyara kurakurai 8 a cikin ƙunshin da bai wuce 255 ba. To, in tartsatsi ɗaya ya ƙone fiye da haka fa? Nan ma an yi tanadi. Ɗauki misalin 'yan kasuwa goma a Yelwa, kowanne da buhun albasa goma, da motoci goma. In kowa ya cika motarsa shi kaɗai, ranar da mota ɗaya ta lalace a hanya mutum ɗaya ya karye. In kuwa kowace mota ta ɗauki buhu ɗaya daga kowane mutum, asarar kowa buhu ɗaya ce, ribarsa za ta rufe. Haka na'urar take warwatsa bayani kafin ta aika, ta tattara shi bayan ya isa. Farashin wannan kariya shi ne ɗan jinkiri. Tun daga 2010 kuma an ƙara dabarar sake aiko ƙunshin da ya lalace nan take.

Ta huɗu, rubuta gaskiya. Na'urar tana ƙidaya kowane kuskuren da ta gyara da wanda ya gagare ta, da kowace daƙiƙar da layi ya tabu. In abin ya yi yawa takan dakata, ta sake awo, ta koma aiki a kan gudun da layin zai iya ɗauka, ba ta kuma ɓoye cewa ta rage gudu. Idan waya ta tsinke ɗungum, mai gyara ba ya bukatar bin ta turke-turke. Yakan aika bugun lantarki ya jira amsa-kuwwarsa. Bugun yana cin wajen mita 200 cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, don haka in ya dawo bayan kashi 20, an san ya yi tafiyar kilomita 4 zuwa da dawowa, tsinkewar tana kilomita 2 daga inda ake tsaye. Wayar gilashi ta yau ma haka ake neman lahaninta, sai dai da haske.

Yanzu, jama'a, mu ɗora hukumominmu a kan wannan ma'auni. Wa ya taɓa zuwa ya auna ƙarfin sabis a Gebbe ko Zamare ko Libata, ya liƙa sakamakon a allon Ƙaramar Hukuma inda kowa zai gani? Ina rarar da aka bari, alhali gari guda yana rataye da turke ɗaya, turken kuma yana rataye da jarkar man dizal? In sabis ya ɗauke kwana biyu, wa yake rubutawa, wa ake tuhuma, wa yake mayar wa talaka kuɗin datar da wa'adinta ya ƙare bai mora ba? Ƙarfe da ba shi da rai yana faɗin gaskiyar halin da yake ciki sau dubbai a daƙiƙa, mu kuwa masu rai da albashi rahoton shekara ma sai an yi masa kwalliya.

AMSA GA MASU CEWA ZANCEN YA WUCE

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce zamanin jan ƙarfe ya shuɗe, Ingila kanta tana rufe tsohon tsarin tarhonta tana komawa wayar gilashi. Za a ce ADSL ba ya wuce wajen kilomita 5 daga ofishin haɗa waya, don haka ko NITEL yana raye da bai kai ƙauyukan tsibirai da tungayen masunta ba. Za a ce wayar hannu ta kai magana inda tarho bai taɓa mafarkin zuwa ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a shimfiɗa jan ƙarfe daga Yelwa zuwa Warra a yau. Amma masu wannan magana sun manta abu biyu.

Na ɗaya, wayar hannu ba ta da waya ne kawai tsakanin aljihunka da turke. Daga turken zuwa gaba, saƙonka yana bin wayar gilashi ko faifan da yake harba shi zuwa wani turken, har ya isa Ikko ya shiga igiyoyin ƙarƙashin teku. Ran 14 ga Maris 2024, da igiyoyi huɗu suka tsinke a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi a faɗin ƙasar nan sun ji a jikinsu, ranar kowa ya gane cewa "marar waya" suna ne kawai. Na biyu, ƙasashen da suke sauya jan ƙarfe da gilashi suna zura sabuwar wayar ne a cikin tsofaffin bututu, suna rataya ta a tsofaffin turaku, da hannun ma'aikatan da suka gaji sana'ar. Gadon da muka tozarta ke nan: hanya da taswira da masu gyara da al'adar gyara. Shi ya sa Tsarin Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda ya yi alkawarin kai kashi 70 cikin ɗari da gudun megabit 10 a karkara, ya cika wa'adinsa ana fama a wajen kashi 50, kuma kowa ya san ba a bakin tafki aka tara rabin da ya samu ba.

ME YA SA MU?

Domin mun riga mun biya. Tsakanin 1964 da 1968 aka gina madatsar ruwa ta Kayinji, aka tashi mutane wajen 44,000 daga gidajensu. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibiran Gungawa da fadamun da suke noman albasa da shinkafa suka shige ƙarƙashin ruwa, kaburburan iyaye suka tafi tare da su. Aka kafa injuna masu ƙarfin megawat 760, aka ja babban layi zuwa Birnin Kebbi, daga can wuta ta haye har Yamai ta ƙasar Nijar. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Al'ummar da ta ba da ƙasarta domin a haskaka birane ba roƙo take yi ba in ta nemi layin da ba ya yankewa. Bashi take bi.

Kuma zancen ya wuce na hira da kallon hotuna. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, rajista da duba sakamako da neman gurbi duk sai da intanet, ƙanenmu na ƙauye kuwa da ɗan Abuja ake auna shi. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mai kifi da mai albasa sun ga yadda ciniki yake mutuwa a hannu saboda saƙon banki ya maƙale. A watan Mayun 2021 jirgin ruwan da ya nufo Warra ya nutse, mutane fiye da ɗari suka salwanta. Ran 17 ga Yunin shekarar 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Ba mu ce sabis ne ya jawo waɗannan masifu ba. Muna cewa a irin wannan sa'a, shigar kira ko rashin shigarsa magana ce ta rai da mutuwa, kuma yankin da ke tsakanin ruwa da daji shi ya fi kowa bukatar layin da aka bar wa rara.

ABIN DA MUKE NEMA

Na farko, a auna. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda ta amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, ta riƙa bayyana ƙarfin sabis da yawan sa'o'in da ya ɗauke, mazaɓa-mazaɓa, cikin harshen da jama'a suke ji. Wanda ya ƙara farashi ya ƙara bayani.

Na biyu, a bar rara. A cikin shirin shimfiɗa wayar gilashi mai tsawon kilomita 90,000 da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a 2024, a tabbata ƙasar Yawuri ta samu hanya biyu, ɗaya ta wajen Kwantagora, ɗaya ta wajen Koko da Jega, yadda in an tsinke ɗaya saƙo zai bi ɗayar, a kuma ja reshe zuwa Shanga da Warra. Manyan turakun wutar Kayinji ma suna iya ɗaukar wayar gilashi a samansu, inda diga da shebur ba sa kaiwa.

Na uku, Asusun Wadata Karkara da Sadarwa da dokar 2003 ta tanada, da hukumar HYPPADEC da aka kafa domin al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, su sa turakun bakin tafki masu aiki da hasken rana a sahun gaba na kasafinsu, su kuma faɗa mana a rubuce nawa aka kashe, a ina.

Na huɗu, Gwamnatin Jihar Kebbi ta wajabta sa bututun waya a duk hanyar da za a gina ko a gyara, ɗan kwangilar da ya tsinke layi kuma ya biya daga aljihunsa. Jami'ar Aliero da Jami'ar Tarayya da Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi su horar da masu haɗa wayar gilashi da masu neman lahani daga cikin 'ya'yan yankin, domin kada gyaran awa ɗaya ya jira mota daga Kaduna.

Na biyar ya shafe mu. Umarnin Shugaban Ƙasa na 2024 ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin da doka take karewa, amma takarda ba ta gadi. Wanda yake sace batirin turke ba daga sama ya faɗo ba, mai saye ma an san shagonsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ɗaliban da suke komawa gida hutu su buɗe littafi a kowane gari, su rubuta rana da sa'ar da sabis ya ɗauke da wadda ya dawo, mu tattara a ƙarshen zango mu kai gaban hukuma da lambobi a hannu, domin kuka ba ya shiga fayil, lissafi yake shiga.

Ku kuma matasan ma'aikata, fayilolin nan ta teburinku suke bi. Ku ne kuke rubuta "an kammala" a kan aikin da ba a fara ba, ko ku ƙi rubutawa. Waɗanda suka kashe NITEL ba baƙi ba ne. Ma'aikata ne irinku da suka ga tsatsa suka kau da kai, shekara bayan shekara, har ranar da babu abin da ya rage a gyara. Yau sabuwar waya ce za a binne a ƙasarmu, da kuɗin da jikokinmu za su biya. In aka riƙe ta da hannun da aka riƙe tsohuwar, nan da shekara ashirin wani jami'i zai tsaya a gaban lasifika ya ce mun tsallake zamanin gilashi ma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu dai mun faɗa, kuma mun fara ƙidaya.